Na biya kuɗin giyar mota ta intanet, an aiko mini da matacciya. Ina mafita?

Mai Camry, Kubwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kayan gyaran mota, da kuma waɗanda suka san aikin banki. Motata Camry ce ƙirar 2008 mai silinda huɗu, kuma makonni uku da suka wuce giyarta ta fara fizga a kan babban titin Kubwa, daga baya ta daina shiga ribas kwata-kwata. Bakanikena da ke Apo ya ce sai an sauya ta, aka yi mini kuɗin 'yar Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, sama da naira 600,000. Da na ga abin ya fi ƙarfina, sai na ci karo da tallan wani mutum a Facebook wanda ya ce shagonsa yana kasuwar Ladipo a Legas. Muka koma WhatsApp, ya turo mini bidiyon giya fes, muka daidaita a kan naira 420,000. Na tura rabi, bayan kwana biyu ya turo hoton kaya ɗaure cikin buhu, ya ce direba ba zai ɗora ba sai an cika, ni kuwa na cika har da kuɗin mota.

Kaya sun iso tashar Utako ranar Alhamis. Da muka kwance buhun a gareji, sai ga giya an fesa mata fenti ruwan azurfa, ƙarƙashin fentin akwai ɗinkin walda mai tsawon taƙi ɗaya, man da ya rage a cikinta kuma baƙi ƙirin ne yana warin ƙuna. Soket ɗinta ma bai dace da na motata ba. Na kira mutumin sau ɗaya ya ɗauka ya ce zai bincika, tun daga lokacin ya toshe lambata. Shin akwai hanyar da kuɗin nan za su dawo, ko in rungumi ƙaddara?

Tsohon Bakanike, Apo:

Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri, Malam. Zan faɗi abin da ya shafi sana'ata, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Tun kafin a zo maganar walda, cinikin ya riga ya karkace, domin da alama sunan mota kawai ka faɗa masa. Camry ta 2007 zuwa 2011 jikinsu kusan ɗaya ne a ido, amma ta 2008 mai silinda huɗu tana ɗauke da inji 2.4 da giya mai hawa biyar, ita kuwa ta 2010 da aka yi wa kasuwar Amurka injinta 2.5 ne, giyarta mai hawa shida. Ko lafiyayya aka aiko maka, idan ta ɗayar ce ba za ta yi aiki ba. Shi ya sa mu idan za mu sayo, muna ƙirga ƙusoshin da ke cikin soket, mu ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, sau da yawa ma mu ɗora tsohuwar a bayan mota mu tafi da ita a jera su ƙasa.

Fenti kuwa shi ne abin da na fi tsoro a jikin kayan Beljiyam. Giyar da aka ciro daga motar da ta yi aiki a Turai ko Amurka takan zo da ƙurarta da tabon mai, kuma kawunan notocinta ba su sha sufana ba. Wadda ka ga tana sheƙi, akwai abin da ake ɓoyewa. A ganina, inji da giya ba kayan da ake saya ta hoto ba ne, ko da za a yi ragin rabin kuɗi.

Ma'aikaciyar Banki, Wuse:

Malam, kada ka rungumi ƙaddara tukuna, amma kuma ba zan sa maka rai da yawa ba. Tunda kai da kanka ka tura kuɗin, bankinka ba shi da ikon ciro su daga asusun wani don kawai ka ce an cuce ka. Abin da zai iya yi shi ne ya sanar da bankin da ya karɓa domin a sa ido a kan asusun, amma riƙe kuɗin na tsawon lokaci ko mayar da su yakan buƙaci umarnin kotu. Matsalar ita ce irin waɗannan mutane ba sa barin kuɗi su kwana, sukan rarraba su zuwa wasu asusun ko su cire a wurin masu POS.

Ka je reshen bankinka gobe da rubutaccen ƙorafi, ka haɗa da rasit ɗin kowace turawa, wanda ke ɗauke da doguwar lambar shaida mai lambobi 30, ka kuma tabbatar an buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka. Idan mako biyu ya wuce ba su warware ba, kana da damar kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifi ne a dokar zamba ta 2006, kuma kowane asusu yana rataye da BVN ko NIN na wani mutum. Kada ka goge hirarku, kada kuma ka sayar wa 'yan gwangwan giyar, ita ce babbar shaidarka.

Ɗan Kasuwa, Zuba:

Da girmamawa ga Baba bakanike, ban yarda cewa laifin intanet ne ba. Mu kanmu da yawa daga kayan da muke sayarwa ta waya muke yin odarsu daga Legas, a ɗoro mana a mota. Bambancin shi ne mun san shagon da layinsa, mun san shugabannin ƙungiyar kasuwar da za mu kai wa ƙara. Mutumin nan mai yiwuwa ko ƙofar Ladipo bai taɓa takawa ba, domin bidiyon shagon wani kowa yana iya ɗauka ya tura. Da ka nemi ya kira ka ta bidiyo kai tsaye, ya rubuta sunanka da alli a jikin giyar kana kallo, sannan ka tura wani naka da ke Legas ya gani da idonsa kafin ka biya, da tun a nan ya zame. Sannan mai kayan gaskiya yakan ba da kwanakin gwaji, a rubuta a rasit cewa idan ba ta yi ba za a canja.

Kuma a faɗi gaskiya, kamashon da wasu bakanikai ke ɗorawa a kan farashi yana cikin abin da ke kora mutane su je su faɗa hannun 'yan damfara.

Mai Camry, Kubwa:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, na kai takardar yau da safe an buga mini hatimi, sai dai da na sake duba rasit ɗin na lura cewa turawa ta farko da ta biyu sunaye daban-daban ne suka karɓa, kuma babu wanda ya yi daidai da sunan shagon da ke kan tallan. A lokacin ya ce mini asusun yaronsa ne, ban kawo komai a raina ba. Shin ƙorafi ɗaya ya wadatar, ko sai na rubuta wa kowane asusu nasa daban? Giyar tana nan a gareji cikin buhunta, na hana a taɓa ta.