Ajiye babur mai ƙafa huɗu na tsawon watanni: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga tattaunawar da aka yi kan yadda ake ajiye babur ɗin, irin mai injin da ake gauraya masa fetur da mai.

1. Kowa ya yarda a zuƙe fetur ɗin da ke cikin kafireta tas. In ya daɗe, danƙo yake zama ya toshe ta.
2. A kwance fulogi, a ɗiga man inji kaɗan cikin silinda, a juya inji sau uku.
3. A cire batir, a ɗora babur kan katako.
4. A cusa tsumma a salansa, saboda zanzaro da ɓera.

Kan tanki ne aka rabu: wasu sun ce a zazzage, wasu a cika don gudun tsatsa. In na ƙarfe ne, da danshin Jos a Agusta, ina bayan masu cikawa. Rufin leda kuwa, an ce gumi yake tarawa.