Jama'a mi za mu kira sifikar waya da Hausa?

Jiya na hau mota daga Gusau zuwa Talata Mafara, mu huɗu a baya an matse mu kamar kifin gwangwani, sai wayar wani bawan Allah da ke gefena ta yi ƙara, ya ɗauka ya danna hansfiri ya riƙe ta a gaban baki kamar mai cin ƙuli. Wallahi kafin mu kai Maru duk motar ta san ya sai da shanu biyu, ta san nawa aka biya shi, ta san kuɗin na aljihunshi. A wanga hali da muke ciki na hanya! Direba ma sai da ya waiwayo ya ce Alhaji don Allah rage.

To abin da ya dame ni, na so in yi mashi magana amma ban san sunan abin ba. Hansfiri muke cewa, alhali wasu igiyar kunne suke kira hansfiri, wasu kuma iyafis. Lasifika kuwa ta masallaci ce da ta masu tallan maganin gargajiya a kasuwa. Tun 2001 da MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya muka samu tafi-da-gidanka, muka samu saƙon kar-ta-kwana, shi wannan maɓalli ɗaya ya gagare mu? Ku kawo shawara.

Malam ai akwai amsa-kuwwa, ita ake amfani da ita a rubuce.

Amsa-kuwwa ta yi nauyi Malam, kuma ainihinta muryarka ce da ke dawo maka in ka yi ihu kusa da dutse. Ka ce ma yaro "sa min waya a amsa-kuwwa" zai tsaya yana kallonka.

Ni dai buɗe-murya na ji wasu na cewa, kuma tana shiga baki. "Buɗe murya mu ji."

Yaya ku kira shi tona-asiri kawai a wuce wurin. Ni nan Argungu na kira ƙawata ina ba ta labarin yadda muka yi da uwar mijina, ashe tana wanke-wanke ta saki muryar, ƙanwar mijin nawa na zaune tsakar gidan an zo kitso. Har yau gaisuwa sama-sama muke.

Hajiya Allah ya ba da haƙuri, amma tona-asiri laifin ne ba sunan abin ba. Tsohona kunnenshi ya yi nauyi, in bai saki murya ba bai jin komi, wani kuma sifikar kunnen ce ta mutu bai da kuɗin kai ma mai gyara. Ba za a ce duk tonon asiri suke ba.

Ni ga tawa: kowa-ya-ji. Irin ginin a-daidaita-sahu da a-kori-kura da ka-fi-zabo, Bahaushe haka yake raɗa ma abu suna, ya ɗauki jimla guda ya maƙala. "Cire ta daga kowa-ya-ji." "Ka sa ni a kowa-ya-ji ne?"

Awo! Wagga ta zauna. Na gwada ta yanzu a shagon caji, ban yi ma kowa bayani ba suka gane har suna dariya. Buɗe-murya sai mu bar ta ta zama aikin, kowa-ya-ji sunan maɓallin. Kuma abin da ya fi burge ni, sunan da kanshi na jan kunne, duk wanda zai danna ya san kowa ɗin zai ji, har wanda ba ka so. Sharaɗi ɗaya dai, in ka sa mutum a kai ka hwaɗa mashi tun kafin ya gama sallama, ka ce wane kana kowa-ya-ji, ga su wane zaune.

Saura masu kunna boyis ɗin WhatsApp da bidiyon TikTok a ɗakin jiran asibiti da wajen zaman makoki, su mi za a kira su?

Waɗannan sanƙira ne, sai dai shi sanƙira gayyatar shi ake yi kuma a biya shi.