Shagonmu na dukanci a Birni ba ya fitowa a taswirar waya, ina mafita?

Baduku ɗan Birni:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Dukanci gadonmu ne. Shagon da nake zaune ciki a Birni, can cikin lungu bayan fadar Sarkin Damagaram, nan mahaifina ya zauna har idonsa ya raunana. Muna yin takalma, jakunkunan mata, alabe, kube da tumtum. Ranar Alhamis da ta wuce wata baiwar Allah ta zo biki daga Yamai, ta ga jakar da na ɗinka a hannun wata, ta so irinta. Ta ce ta buga a waya ta rubuta maroquinerie Zinder, ba ta ga ko alamarmu ba. Ɗan kabu-kabu ya yi ta zagaye da ita, har Kasuwar Dole sai da suka leƙa, ba su iso ba sai ana kiran la'asar. Jaka uku ta saya. Tana sa takalmi za ta fita ta ce mini, "Malam, kai ɓoye kanka kake yi ne?" Tun ranar maganar nan take ci mini rai. Su nawa ne suka nema suka gaji suka koma?

Akwai wani yaro da ya ce in ba shi jika 25 ya sa ni cikin Google, sannan jika 5 duk wata don in riƙa fitowa a sama. In ba shi ko in dakata? Kuma mu da lungunmu ko suna bai da shi, balle lambar gida, ta yaya za a sa mu a taswira?

Mai gyaran waya, Zango:

Wa alaikumus salam yayana. Riƙe kuɗinka tukuna. Sa shago a Google Maps kyauta ne, ko dala ba a biya. In wayarka da Faransanci take, abin da za ka nema sunansa Fiche d'établissement. Da adireshin Gmail ɗinka za ka buɗe, wanda ke kan wayarka yanzu, da hannunka.

Batun lungu marar suna ba matsala ba ce. Fito ƙofar shago ka tsaya a waje, don cikin ɗakunan ƙasa na Birni, da kaurin bangon nan, shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake yakan yi tsalle ya faɗa gidan maƙwabci. Juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan adam, ka nemo rufin shagonku da idonka, ka ja alamar ka aje ta daidai bakin ƙofa. In ka taɓa ɗigon za ka ga wasu 'yan haruffa da lambobi da alamar + a tsakani. Plus Code ke nan, an yi shi ne saboda wurare irin namu da ba su da adireshin titi. Rubuta shi ka aje, ko a WhatsApp ka tura wa mutum zai kawo shi har ƙofa.

Inda mutane suke sarewa shi ne tantancewa. Google na so ya tabbata shagon naka ne. Shi ke zaɓar hanyar da zai ba ka: wani lokaci saƙo a waya, wani lokaci wasiƙa ta gidan waya, amma yanzu ya fi yawan neman bidiyo. A take ake ɗaukar bidiyon, a jere ba yankewa, ba a ɗauko tsoho daga cikin waya. Ka faro daga bakin lungu, ka nuna allon sunan shago, ka buɗe kwaɗon da makullinka ana gani, ka shiga ka nuna kayan aiki da fatu. To ga tambaya: kana da allon suna kuwa? Yawancin dukawan da na sani ba su da shi. In babu, fara da wannan. Kuɗin fenti da katako bai kai rabin abin da yaron ya nema ba. Kuma ka yi da safe, rezo ya fi sauƙi, kada bidiyon ya maƙale a hanya.

Hajiya mai turaren wuta:

Ɗana, saurari wannan bawan Allah. Ni aka yi wa. Wani ya karɓi kuɗina ya buɗe mini, ashe da nasa adireshin ya buɗe. Da na tashi daga tsohon shago na koma Sabon Gari sai na nemi a gyara wurin, ya ce sai na ƙara. Na ƙi, ya daina ɗaukar wayata. Wata da watanni mata suna zuwa tsohon wuri suna tarar da mai cajin waya. Sai da ɗiyata ta bi hanyar neman a maido mini da mallakar shafin, da ƙyar. In dole sai wani ya taya ka, ya zauna gabanka ya yi a wayarka, ka sallame shi da ladan wahalarsa, shi ke nan. Akwai wurin da ake ƙara mutum a matsayin mai kula, kai kuwa kana nan a mai shi.

Baduku ɗan Birni:

Allah ya saka da alheri Hajiya, kin tsamo ni. Allo kam babu, Baba cewa yake wanda ya san mu ya san mu. To sunan fa? Yaron ya ce in rubuta dogon suna mai ɗauke da komi, takalma, jaka, araha, Zinder, Niger, wai haka ake hawa sama.

Mai gyaran waya, Zango:

Kul. Dokarsu ita ce sunan da ke kan allo, wanda mutane suka san ka da shi, shi za ka sa. In ka cusa masa kalmomi suna iya dakatar da shafin, ka koma neman a buɗe maka. Kuma babu wanda zai iya sayar maka da saman jeri a jika 5. Talla ta kuɗi daban take, ana rubuta mata alamar talla ce. Google da kansa ya faɗi abubuwa uku da yake dubawa: dacewar shagonka da abin da aka nema, nisanka da mai nema, da kuma yadda aka san ka. Nisa ba ka da iko da shi, wanda ke tsaye a tasha za a fara nuna masa na kusa da shi. Sauran biyun ne aikinka.

Ɗalibar jami'ar André Salifou:

Kawu, bari in sa baki kan dacewar nan. Ka lura da abin da matar ta rubuta: maroquinerie. Ba ta rubuta dukanci ba. Mu nan da Hausa muke ciniki amma da Faransanci muke bincike, ma'aikatan da ke zuwa daga Yamai ko na matatar SORAZ ma haka. Wanda ya shigo daga Kano ko Daura kuwa da Hausa ko Ingilishi zai buga. Saboda haka wajen zaɓen rukunin sana'a ka zaɓi na kayan fata ya zama babba. Kada ka zaɓi cordonnier, sai a riƙa kawo maka takalmin da ya tsinke. A wurin bayani kana da haruffa 750, sun ishe ka ka rubuta da harshe biyu: abin da kuke yi, da irin fatar, da cewa kuna karɓar aikin biki. Ka sa Zinder ka sa Damagaram, don taswira Zinder ta sani, mutane kuwa Damagaram suke faɗi.

Hotuna kuma don Allah kada a ɗauka cikin duhun shago. Shimfiɗa farin ƙyalle a ƙofa da hantsi, ka ɗora jaka ɗaya, a ga jan fatar da zanen ɗinkin. Ka ɗauki bakin lungun ma da ƙofar, wanda ya zo ya gane ya iso. Ni dai in na ga shago babu hoto ɗauka nake ya mutu.

Tsohon ɗan kabu-kabu:

Duk na ji ku, amma ku 'yan boko kuna mantawa da abu guda. Mutum nawa ne a garin nan yake bin taswira? Baƙo ya sauka tasha, mu yake tambaya. Shekara goma sha na yi a kan babur, ban taɓa ganin tsohuwa ta buɗe Google ba, sai dai ta ce kai ni wurin masu fata. Malam, ka je inda 'yan kabu-kabu suke tsayawa kusa da fada ka gabatar da kanka, ka nuna wa biyu uku ƙofar. Ya fi maka tauraron ɗan adam.

Hajiya mai turaren wuta:

Gaskiyarka Alhaji, amma wannan ba ta hana waccan. Tsohuwar ba ta buɗewa, jikarta tana buɗewa. Ni yanzu rabin cinikina a WhatsApp Business yake: kaya da farashi suna jere, a zaɓa daga Maraɗi ko Agadas, a turo kuɗi ta Nita ko Amana, in kai tasha. Lamba ɗaya tak nake sawa ko'ina, a allo, a Facebook, a taswira, da +227 a gaba saboda na waje. Masu sim uku suna canzawa kullum su ne ke ɓatar da masu saye.

Ɗalibar jami'ar André Salifou:

Saura batun taurari, wato ra'ayin masu saye. Shi ne babban abin da ke nuna an san ka. Shafin zai ba ka wata mahaɗa, duk wanda ya saya ya ji daɗi ka tura masa ka roƙe shi ya rubuta layi biyu. Fara da matar Yamai ɗin nan in kana da lambarta. Amma kada ka tara ƙannenka goma rana ɗaya su zuba taurari biyar-biyar, ana ganewa a share. Ba da ragi ko kyauta don a yabe ka ma haramun ne a dokarsu. In wani ya kushe, amsa masa cikin mutunci, masu karatu sun fi duba amsarka. Lokutan aiki kuma ka sa na gaskiya, har da rufewar Juma'a da ranakun Salla. Babu abin da ke ɓata rai kamar waya ta ce a buɗe, ka sha rana ka tarar da kwaɗo.

Baduku ɗan Birni:

Na dawo da labari. Allo ya hau jiya, sunan Baba na sa, don da shi aka san shagon. Da na karanta masa shiru ya yi, can ya sa hannu ya shafa fentin tun bai gama bushewa ba. Ɗigon kuwa kamar yadda ka faɗa ƙanena, cikin garken awakin maƙwabcinmu ya sa ni, sai da na ja shi. Bidiyo sau biyu na yi, na farko wani yaro ya gitta da amalanke na ruɗe na tsayar. Na biyu ya tafi, sun ce in jira har kwana biyar na aiki. Alhaji, na je wurin 'yan kabu-kabun ma, ɗaya ya ce a ɗinka masa alabe.

Matar Yamai ban karɓi lambarta ba, amma na san gidan da aka yi bikin. Hajiya, ya dace in aika a tambayo mini, ko zai zama rashin ta ido?

Hajiya mai turaren wuta:

Aika matarka ta je, kai kada ka je. Ta riƙe ɗan alabe a hannu ta kai wa uwar amarya.