Neman shawara: jarumar littafina ta manta yarintarta, ni kuma na rasa yadda zan dawo mata da ita

Marubuciya daga Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta. A yi haƙuri da tsawon rubutun nan, na daɗe ina juya shi a raina.

Ina rubuta littafi, na kai feji na 23, Laraba da Asabar nake saki. Irin labarin nan ne mai riƙe mutum da fargaba, ba aljani ba bindiga, abin tsoron duk yana cikin kan jarumar. Sunanta Nafisa, shekararta 26, tela ce a wani ɗan shago kusa da gadar Pen Cinema. A nan Legas aka haife ta, a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya, kicin ɗaya. Tana tuna komai na rayuwarta in ban da shekaru uku, daga bakwai zuwa goma, lokacin da uwarta ta tafi Kano jinya aka bar ta a hannun kawunta. Mai karatu ya fara zargin abin da ya faru, ita ce ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne ba ta iya jin ƙarar jan sakata, kuma warin risho da aka kashe yana sa ta amai. A feji na 19 na sa ta a danfo daga Oshodi, wata mata ta shigo da galan ɗin kananzir ta ajiye a ƙafarta, kwandasta ya ja ƙofa ta bugu, sai kawai Nafisa ta tsinci kanta a Iyana Ipaja, ta wuce tasharta, ba ta san yadda aka yi ba, tafin hannunta duk shatin farce.

Matsalata ita ce yadda abin zai dawo mata. Na shirya ta yi hatsari a gadar Third Mainland, ta buge kai, ta farfaɗo a asibiti da komai a kanta. Amma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Sannan wasu makaranta suna ta bi na ta bayan fage wai in ta tuna in nuna abin da kawun ya yi dalla-dalla, wai kuɗinsu suka biya.

Akwai kuma wadda na fi jin nauyin faɗa. Sakatar nan ta gidanmu ce na Idi-Araba, ban ƙirƙira ba. Tun da na fara rubuta ta barcina ya lalace. Na zauna na duba, ni ma ba na tuna aji uku da aji huɗu na firamare sosai. Ba cewa nake an yi min wani abu ba. Amma abin ya tsaya min a wuya.

Maman Biyu, Mile 12:

Wa alaikumus salam. Don girman Allah ban da hatsari! Mun gaji. A buge kai a manta, a sake buge kai a tuna, sai ka ce rediyon da ake mari ya kama tasha. Ina cikin masu bin littafin nan tun feji na ɗaya, wurin danfon nan sai da na ajiye wayar na leƙa yarana. In kika kawo min gadar Third Mainland wallahi kin zubar da miyar da kika sha wahalar haɗawa.

Anti ma'aikaciyar jinya:

Ƙanwata, Maman Biyu da wasa ta faɗa amma gaskiya ce. Shekaruna da dama a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, ban taɓa ganin wanda bugu na biyu ya dawo wa da tunani ba, sai dai ya ƙara masa rauni. Kuma mantuwa iri biyu kika haɗa. Wanda ya buge kai, abin da ya fi ɓace masa shi ne lokacin hatsarin da abin da ke dab da shi, wani kuma ya riƙa kasa riƙe sabon abu. Ta Nafisa daban ce. Ƙwaƙwalwarta lafiya lau, firgici ne ya sa ta kauce wa wurin, kamar yadda ƙafa ke kauce wa ƙaya a takalmi har mutum ya saba da ɗingishi.

In zai dawo, a gutsure yake dawowa. Launin labule. Wata waƙa da ake sawa a rediyon maƙwabta. Sanyin siminti a kumatu. Ba a jere ba, kuma sau da yawa jiki ne ke riga tunani, zuciya ta hau bugawa, gumi ya keto, mutum bai san dalili ba. Kin riga kin kama wannan da kananzirin. Ci gaba a kai. Ki sa ta a kan keken ɗinki ta tafi wata duniya har allura ta shige mata yatsa, sai ta ga jini a atamfar mutane sannan ta ji zafi.

Abu ɗaya da marubuta ba su cika so su ji ba: yawancin waɗanda aka cutar suna yara ba mantawa suke yi ba. Damuwarsu ma ita ce sun kasa mantawa. Masu gibi irin na Nafisa akwai su, amma su ne 'yan kaɗan. In da hali ki sa wata a labarin wadda ita tana tuna komai, ta yi shiru ne kawai.

Ɗalibin ilimin halayyar ɗan Adam, Akoka:

Anti ta gama magana, ni ƙari zan yi, don wannan ce gardamar da ta raba masana a Amurka a shekarun 1990. A 1994 wata mai bincike, Linda Williams, ta fitar da sakamakon bibiyar mata 129 waɗanda asibiti ke da rubutacciyar shaidar an kawo su suna yara bayan an ci zarafinsu. Bayan kimanin shekara 17 aka yi hira da su, kashi 38 cikin 100 ba su ambaci wannan abin ba. Wasu sun yi ƙanƙanta sosai lokacin, wasu wataƙila sun ƙi faɗa ne, amma ya nuna mantuwar tana yiwuwa. A 1995 kuma wata mai binciken, Elizabeth Loftus, ta ba mutum 24 labarai huɗu-huɗu na yarintarsu, uku na gaskiya da aka samo daga danginsu, ɗaya na ƙarya, wai sun taɓa ɓata a babban kanti suna wajen shekara biyar. Kusan ɗaya cikin huɗu suka ce sun tuna, wasu har da ƙarin bayani daga kansu.

Kin ga ke nan ana iya manta abin da ya faru, ana kuma iya tuna abin da bai faru ba. A ganina nan littafinki yake. Kar ki sa tambayar ta zama me ya faru, mai karatu ya riga ya hango. Ki sa ta zama: abin da Nafisa ke gani gaskiya ne? In ta tuna takalmi a bakin ƙofa, na kawu ne ko na mai gidan haya? In uwarta ta ce ai ɗakin ba shi da sakata, wa za mu yarda da shi? Sai ta fita neman shaida a waje, tsohon hoto, katin makaranta, tsohuwar maƙwabciya da ta koma Ijora.

Game da ke kuma, Yaya, rashin tuna aji uku ba shaidar komai ba ne. Ki tambayi mutum goma a nan, da ƙyar biyu su kawo miki sunan wanda suke zama benci ɗaya. Kin shafe watanni kina kwana kina tashi da wannan labarin, dole ya taɓa barcinki. Abin da nake roƙonki shi ne kar ki zauna ke kaɗai da dare kina tono kina tilasta wa kanki tunawa, kuma ki guji duk wanda zai ce miki tabbas an yi miki wani abu tun kafin ya saurare ki. Hanyar da ake dasa wa mutum tunanin ƙarya ke nan.

Alhaji, Alaba Rago:

Ni fa ban ga amfanin irin wannan rubutu ba. Muna zaune a garin mutane, sai mu riƙa rubuta kawu ya yi kaza, gobe a fassara a ce ga halin Hausawa. Abin da Allah ya rufe a bar shi a rufe. Yarinyar nan ta labari ma alamun shafar aljanu ne da ita, a kai ta ruƙiyya a wuce wurin. Ke ma marubuciya ki riƙe azkar.

Hajiya, tsohuwar marubuciya:

Alhaji, azkar kam mun karɓa, Allah ya saka. Amma rufin da kake faɗa, wa yake rufawa? Na zo Ikko amarya, yau ina da jikoki, na ga yarinyar da aka mayar ƙauye cikin dare aka bar wanda ya lalata mata rayuwa yana shan shayi a bakin layi. Ba ita aka rufa wa asiri ba.

'Yata, zo mu yi ta rubutu. Masu cewa ki nuna dalla-dalla, mayar musu da kuɗinsu ki cire su. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, babu abin nunawa. Kuma ko ta fuskar gwaninta, ƙofar da ke rufe ta fi tsoratarwa. Ki tsaya a tsakar gida. Ki nuna min maƙwabciya tana tankaɗe, ta ji an ja sakata, hannunta ya tsaya cak, ta dubi ƙofar, sannan ta ƙara wa rediyo murya ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan matar ita za ta hana mai karatu barci, don kowa ya san ta, wasu ma su ne ita.

Sai kawun. Na lura kin ba shi jajayen idanu da muryar tsawa. Goge. Ki sa shi mai fara'a, shi ke biyan kuɗin makarantarta, shi ke zuwa mata da burodin Agege mai zafi da yamma, shi ake kira in za a sasanta ma'aurata. In Nafisa ta buɗe baki, abin da za ta rasa ya zama mai yawa: uwarta da ke cin arzikinsa, aurenta da shi ne waliyyi. Tun muna buga littafi a kai kasuwa ake ce mana mugu ya yi kama da mugu. Ƙarya ne, da haka suke da ba wanda zai bar musu ɗa.

Malam, Idi-Araba:

Alhaji, addu'a ba ta hana magani. Hadisi ne ingantacce a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A yi ruƙiyya, a kuma ga likita. Abin da ba na so shi ne a ɗora wa aljani laifin da ɗan Adam ya aikata.

Barista, Ikeja:

Ga Alhaji: binciken ƙasa da aka yi a 2014 kan cin zarafin yara a Najeriya ya nuna mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai 18. Ba na wata ƙabila ba ne.

Marubuciya, tunda a Legas kika kafa labarin, yi amfani da abin da ke ƙasa. Jihar na da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, kuma dokar laifukanta ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da yaro. Akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja, an buɗe ta a 2013, tana duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta, tana kuma ba su shawara. Akwai hukumar DSVA ta jihar, mai yaƙi da cin zarafi a cikin gida da cin zarafi ta hanyar lalata. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, wanda mutane suka mayar abin zolaya, alhali masu rashin barci da fargaba ma suna zuwa su koma gida a ranar. Amma kar ki rufe littafin da alƙali ya buga guduma a feji ɗaya. Bayan shekara 19, ba rahoton likita, sai tunanin da ita kanta take kokwanto, shari'ar na da wuya ƙwarai. Abin da ke ƙarfafa irin wannan ƙara shi ne a samu wata da ya yi wa, ko wanda ya gani. Kuma ki riƙa sa gargaɗi a saman fejin da ke da nauyi.

Saƙo ta hannun shugabar zaure, an ɓoye suna:

Ina karanta littafin. Ni ban manta ba, na yi kamar na manta ne, shekara ashirin da wani abu. Ranar da na gaya wa yayata, cewa ta yi "ai mun ɗauka ba ki tuna ba." Ashe sun sani. Ki sa wannan a littafinki in kina so. Roƙona ɗaya, kar ki sa Nafisa ta haukace ko ta mutu a ƙarshe. Muna nan, muna zuwa kasuwa, muna kai yara makaranta.

Marubuciya daga Agege:

Na karanta duka, wasu sau uku. 'Yar uwa mai ɓoyayyen suna, na yi kuka, Allah ya saka miki, kuma na yi miki alkawari Nafisa za ta rayu, da shagonta da kekenta.

Na cire hatsarin. Hajiya, maƙwabciya mai tankaɗe ta shiga, ita ce za ta zama wadda ta koma Ijora, kuma kalmar yayar nan daga bakinta za ta fito. Kawu zan koma in gyara shi tun daga feji na 4, masu bi sai su yi haƙuri. Mutum uku na mayar wa kuɗinsu yau da safe, ɗaya har da zagi.

Batun kaina, na daina rubutu bayan isha'i. Anti ta yi min magana ta bayan fage, ranar Talata in sha Allah zan je a duba matsalar barcin, ita kaɗai zan kai musu, sauran in akwai sa gani. Ba feji wannan Asabar ɗin.

Maman Biyu, Mile 12:

Allah ya ba da lafiya, mun yafe Asabar. Amma ki gaya min ta bayan fage, uwar Nafisa ta sani ko ba ta sani ba? Tun jiya nake musu da kishiyata a kai.