Kim Little: 'yar Sikotlan ce ko 'yar Birtaniya?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya a gidan kallo gardama ta kaure kan Kim Little, kyaftin ɗin matan Arsenal. Wani ya rantse tana cikin 'yan Birtaniya da suka ci Lionnes ɗinmu, tawagar matan Kamaru, a Olamfik na 2012, wani kuma ya ce ai Sikotlan ta buga wa a Kofin Duniya na 2019. Shin canza ƙasa ta yi, ko yaya abin yake? Kuma in har ta kai yadda ake yabonta, me ya sa ba a jin ɗuriyar ƙasarta a manyan gasa?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma ba ta canza ƙasa ba. A wurin FIFA, Ingila da Sikotlan da Wales da Ireland ta Arewa kowace da hukumarta da tawagarta. Kwamitin Olamfik kuwa Birtaniya kaɗai ya sani. Saboda haka in Olamfik ya zo, sai a tsinto 'yan wasa daga cikinsu a haɗa tawaga guda, kuma waɗannan wasannin ba a lissafa su cikin na Sikotlan.

A 2012 'yan Sikotlan biyu ne kacal a tawagar: Little da Ifeoma Dieke, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne. Hukumar ƙwallon Sikotlan ba ta so abin ba, don tsoron kada wata rana a ce tunda kun iya haɗuwa, to ku zauna a haɗe, su rasa kujerarsu. Wasanmu da su a Cardiff aka yi, suka ci 3-0, kuma a ranar Dieke ta ji ciwo a gwiwa, gasar ta ƙare mata. Kanada ce ta fitar da su da 2-0. A Tokyo a 2021 Little ta sake zuwa, tana ɗaya daga cikin kyaftin uku, Ostireliya ta cire su da 4-3 bayan ƙarin lokaci.

Rigar Sikotlan kuwa ta fara sa ta a 2007 tana 'yar shekara 16, ta ajiye a Satumbar 2021 da wasa 140 da ƙwallo 59. Ka tuna 'yar tsakiya ce, ba 'yar gaba ba.

Yaya Mai Arsenal, Gaundare:
Malam ya gama da batun ƙasa, bari in ɗora da na kulob, don a nan ne girmanta yake.

An haife ta a Aberdeen a 1990, ta tashi a wani ƙauye da ake kira Mintlaw. Daga Hibernian ta koma Arsenal a 2008, ta yi ta kwasar kofunan Ingila, har a 2013 ta zama mace ta farko da ƙungiyar 'yan wasa ta PFA ta ba kyautar gwarzuwar shekara. Daga nan ta bi tsohuwar kocinta Laura Harvey zuwa Seattle Reign a Amurka. Kakar farko, 2014, ta ci ƙwallo 16, ta fi kowa, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Sai dai tsarin Amurka daban ne: wanda ya fi maki garkuwa ake ba shi, kofin kuma sai an yi wasan sili ɗaya ƙwale. Seattle ta ɗauki garkuwa a 2014 da 2015, amma duk shekarun biyu FC Kansas City ta ƙwace kofin a wasan ƙarshe. Ta je aro Melbourne City ta ci kofin Ostireliya, sannan a 2016 BBC ta ba ta gwarzuwar shekara, a jerin da Gaëlle Enganamouit tamu take ciki. A 2017 ta dawo Arsenal.

In kana son gane ta, ƙanena, kada ka bi ƙwallon da ido, ita za ka bi. Kafin a turo mata ta riga ta waiga kafaɗa, ta san inda mai matsa mata take. Tana karɓa jikinta a karkace, da ƙafar da ta yi nesa da abokiyar hamayya, ta rage tsawo ta sa ƙugu ta tare, sai ta juya a wurin da bai wuce faɗin tabarma ba. Ba ta da tsayi, shi ya sa ture ta ke da wuya. Da shekaru suka ja aka dawo da ita baya kusa da masu tsaron gida, ƙwallayenta suka ragu, amma ragamar wasa ta koma hannunta. Da wannan aikin ta ja Arsenal ta doke Barcelona 1-0 a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Lisbon ranar 24 ga Mayu 2025, Stina Blackstenius ta ci. Wancan kofin Turai da Arsenal ta ci a 2007 ba ta nan aka ɗauke shi, shekara guda ya rage ta zo.

Hajiya ta Kusuri:
Ɗan Garwa, tambayarka ta biyu ba a taɓa ta ba, kuma ita ce mai ciwo. Sikotlan ta sha zuwa bakin ƙofa ta koma: Sifaniya ta hana ta gasar Turai ta 2013 a wasan cike gurbi, Holan ta hana ta Kofin Duniya na 2015. Da suka samu shiga gasar Turai ta 2017, karon farko, sai jijiyar cikin gwiwar Little ta tsinke a watan Mayu, saura wata biyu a fara. Wannan jijiya ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, kuma galibi ba karo ke tsinka ta ba, dirowa ce ko juyawa ƙafa na kafe a ƙasa. Galibi ba a ɗinke ta, sai likita ya yanko wata daga cinya ko gaban gwiwa ya dasa, a yi wata tara zuwa shekara ana gina tsoka. Mai gaggawar dawowa yakan sake tsinka ta. Babu Little, Ingila ta zura musu 6-0 a wasan farko. A Oktoban 2018 kuma ta karye a ƙafa a wasa da Chelsea, amma ta warke kafin Kofin Duniya.

To a Faransa, 2019, Ingila da Japan kowace ta ci su 2-1. Wasan uku da Ajantina a Paris, Little ta fara ci, Jen Beattie da Erin Cuthbert suka ƙara, 3-0 saura kusan minti 20. Ajantina ta farke biyu, sannan VAR ya ba ta fenariti a ƙarshen lokaci. Mai tsaron ragar Sikotlan, Lee Alexander, ta tare. Amma a watan ne sabuwar doka ta fara aiki: dole ƙafa ɗaya ta mai tsaron raga ta kasance a kan layi lokacin da ake bugawa. Aka duba, ta matso gaba, aka ba ta katin gargaɗi aka sake bugu, Florencia Bonsegundo ta ci. 3-3.

Malam na Marwa:
Hajiya, wannan canjaras ɗin ya shafe mu kai tsaye. A gasar 2019, ƙasashe huɗu cikin waɗanda suka zo na uku a rukuni aka ɗauka zuwa zagayen 'yan 16. Da an tashi 3-2, Sikotlan na da maki 3 da bashin ƙwallo ɗaya. Kamaru, bayan biyun da Ajara Nchout ta ci New Zealand washegari, maki 3 ne da bashin biyu. Najeriya ma maki 3 da bashin biyu, sai dai ƙwallo 2 ta ci, mu 3. Brazil da Sin sun riga sun fi sauran na ukun maki. Ka ga Sikotlan za ta hau kanmu, mu mu tsira da kyar a gurbi na huɗu, Najeriya ce za ta tattara kayanta.

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri Malam, Yaya da Hajiya. Yau da daddare zan kai musu wannan lissafin, musamman na Najeriya, don akwai 'yan Mubi biyu a cikin masu gardamar.