Ina ake yanka kalmar "record" idan layi ya ƙare?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu kusa da wata kwaleji, yawanci aikin ɗalibai nake bugawa. Jiya wani yaro ya dawo min da babi na biyu, malaminsa ya zagaye wuri ɗaya da jan biro. Layin ya ƙare da "re-", na ɗora "cord" a ƙasa. Jimlar ita ce "the school keeps a record". Ni dai tun muna firamare re-cord muke cewa. Don Allah ina kuskuren yake?

Malam Sani Turanci: Wa alaikumus salam, Hajiya. Malamin nan yana da gaskiya, sai dai ba laifinki ba ne, haka akasarinmu muka taso muna faɗa. Kalmomi biyu ne masu rubutu iri ɗaya. Idan suna ce, wato kundin da ake ajiyewa, ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, sai a yanka rec-ord. Idan aikatau ce, wato a naɗi murya ko a rubuta abu, ƙarfin ya koma gaɓa ta biyu, sai a yanka re-cord. Taki suna ce. Haka present: kyauta pres-ent, gabatarwa pre-sent. Mu ma muna da irin wannan, "kai" na jiki da "kai" na wanda ake yi wa magana, karin sauti ne kawai ya raba su. WAEC tana son tambayar nan ƙwarai a takardar furuci.

Ɗan Zariya: Ni abin da ya taɓa kayar da ni karan ɗori ne. Resign ajiye aiki, re-sign sake sa hannu. Ki duba da kyau kafin ki buga wa wani takardar sabunta kwantiragi, kada ki sallame shi da hannunki!

Malam Sani Turanci: Ƙarin bayani: kada ki ƙirga gaɓa da kunnen Hausa. Mu ba ma son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa bread ta zama burodi, gaɓa 3. A Turanci gaɓa ɗaya ce, kuma kalma mai gaɓa ɗaya ba a yanka ta sam, ko da doguwa ce kamar strengths.

Maman Ilham: Na gode, Malam. Na gyara, na sake buga masa shafin kyauta. Yanzu ma na hango "pro-ject" a shafi na 14, bari in je in duba ta.