Neman kalma: me za mu kira "stringent response" da Hausa?

Salam jama'a. Kwana uku kenan ina kokawa da wata kalma guda, ina rubuta bayani da Hausa kan yadda bakteriya ke yi idan abinci ya yanke mata, sai na zo kan abin da Turawa ke cewa "stringent response" na tsaya cak. Na fara rubuta "martanin damuwa" sai na goge, don damuwa abu ne na zuciya, ita kuwa bakteriya tantani ɗaya ce tal, ba zuciya ba tunani. Bari in fara bayyana abin da kansa tukuna, don wallahi ba a raɗa wa abu suna ba a ga fuskarsa ba.

E. coli, wata bakteriya da ke zama a hanji, idan ta samu abinci wadatacce tana rabuwa biyu cikin minti 20 kacal, kuma kaso mai yawa na ƙarfinta yana tafiya ne wajen ƙera ribozom, wato injinan da ke haɗa furotin, dubun dubata ne a cikin tantani ɗaya. Toh ranar da amino asid guda ɗaya cikin 20 ɗin da ake gina furotin da su ya yi ƙaranci fa? Sai tRNA, wato ɗan dakon da ya kamata ya ɗauko shi, ya shigo ribozom hannu rabbana, ribozom ya tsaya. Nan ne wani enzayim, wato furotin mai gudanar da aikin sinadarai, mai suna RelA yake farkawa, ya manne da ribozom ɗin tare da wannan tRNA da ba kaya, ya ɗauki ATP, wato makamashin tantani, ya haɗa da 'yan'uwansa GDP ko GTP ya fitar da wani ɗan ƙaramin sinadari, ppGpp ko pppGpp. Cikin 'yan mintuna sinadarin ya cika tantanin, ya je ya kama enzayim ɗin da ke kwafo RNA daga DNA, wato ma'ajiyar gadon tantanin, da taimakon wani furotin DksA, sai ƙera sabbin ribozom ya ja baya sosai, a lokaci guda kuma a buɗe hanyoyin da tantanin zai haɗa amino asid da kansa da sauran abubuwan jure wahala.

Michael Cashel da Jonathan Gallant ne suka fara ganin sinadarin a 1969, ɗigo biyu ne suka bayyana musu a farantin gwaji ba su san ko mene ne ba, har aka riƙa kiransu ɗigon sihiri. A 1973 Haseltine da Block suka nuna cewa tRNA marar kaya a kan ribozom shi ne ke tada RelA, a 2016 kuma aka samu hoton RelA ɗin a zaune a kan ribozom da na'urar hangen ƙananan abubuwa ta lantarki. Toh wannan duka shi nake nema wa suna. Ina sauraronku.

Masha Allah amsoshi sun shigo. Wani ɗan'uwa ya ce "martanin tsanani", wata 'yar'uwa ta ce "matsi", wani malami kuma ya ce mu bar shi da Turancinsa kawai mu rubuta shi da haruffanmu tunda ɗalibi a jarabawa da Turancin zai gamu.

Malam, Allah ya ƙara girma, na yarda ɗalibi ya san Turancin, amma gaskiya ban yarda mu tsaya nan ba. Enzayim da furotin da ribozom mun aro su kuma sun zauna a baki, ba wanda ke jin nauyinsu. Wannan kuwa kalma biyu ce mai kaushi, idan ka rubuta ta da haruffanmu ba Bature ba Bahaushe da zai gane ta, kuma ita kanta kalmar Turancin tana ɗauke da ma'ana da mai karatu ya cancanci ya ji. Asalinta daga bambanta iri biyu na E. coli ne, akwai wadda idan amino asid ya yanke take tsayar da ƙera RNA na ribozom nan take, akwai kuma wadda ta samu tawaya a gadonta sai ta ci gaba da ƙerawa kamar ba abin da ya faru. Ta biyun aka ce mata mai sakin jiki, daga kalmar Turancin sakin jikin nan ne ma sunan RelA ya fito. Kenan ta farkon mai kamewa ce, mai riƙe hannu.

'Yar'uwa, matsi da tsanani duka suna faɗin abin da ya sauko wa bakteriyar ne daga waje, yunwa ko zafi ko rashin ƙarfe. Su zan yi amfani da su a wannan gurbin, matsi ɗin ma ya fi min. Amma abin da nake nema shi ne abin da ita ta yi da kanta bayan matsin ya zo.

Sai ga wani yaya namu ya kawo "tsuke bakin aljihu". Yaya wannan kam ta taɓa ni, na daɗe ina juya ta, don lallai abin da tantanin ya yi kenan, ya ga shigowa ta ragu ya rage kashewa. Inda na samu matsala shi ne rabin labarin kawai ta ɗauka. Bakteriyar ba rufe aljihu kaɗai take yi ba, tana karkatar da abin da ya rage zuwa wani aikin daban, tana haɗa amino asid, tana tada wani furotin RpoS wanda ke shirya ta don doguwar wahala. Kuma a jimla tana da tsawo, ka gwada cewa "enzayim ɗin da ke kula da tsuke bakin aljihun bakteriya" ka ji yadda numfashi ke ƙarewa.

Amma ita ce ta kai ni ga wadda nake ganin ta dace: tsimi da tanadi. Tsimi shi ne rage ƙera ribozom, tanadi shi ne shirin da ake yi wa gobe. A cikakke "martanin tsimi da tanadi", a taƙaice "martanin tsimi". Na san tsimi yana iya tafiya ga jiƙon magani, amma da zarar martani ya zo gabansa ba na jin wani zai ɓace.

Akwai dalili na biyu da ya sa na fi son tsimi, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na fara rubutun. Tsimi abu ne da ake ƙarawa ake ragewa gwargwadon hali, ba kunnawa da kashewa ba ne kawai, kuma haka ppGpp yake. Ko lafiya lau akwai ɗan kaɗan a tantanin, gwargwadon yawansa gwargwadon jinkirin girma. Wanda ke riƙe da wannan ma'auni a E. coli shi ne enzayim na biyu, SpoT, yana iya haɗa sinadarin kaɗan idan kitse ko kabon ko ƙarfe ya yi ƙaranci, amma babban aikinsa rusa shi ne. Ku duba muhimmancinsa, idan aka cire SpoT aka bar RelA tantanin mutuwa yake yi, don sinadarin zai taru ba mai kwashewa, tsimin ya zama ajali. Idan kuwa aka cire su duka biyun tana rayuwa, sai dai ba ta iya girma sai an zuba mata amino asid a abincinta.

Bakteriya da yawa ma, irin su Bacillus subtilis da Staphylococcus aureus da ƙwayar tarin fuka, babban enzayim ɗaya ne gare su mai suna Rel da ke yin aikin biyu, gefe ɗaya yana haɗawa da taimakon maganiziyam, ɗaya gefen yana rusawa da taimakon manganis. Da gefen biyu za su yi aiki lokaci guda da ATP kawai za a yi ta ƙonawa a banza kamar mai ɗibar ruwa da kwando, shi ya sa idan gefe ɗaya ya buɗe sai siffar furotin ɗin ta juya ɗayan ya rufe, kuma wutsiyar enzayim ɗin tana danne gefen haɗawa har sai ya hau ribozom da ya tsaya. Wannan wurin ni dai duk lokacin da na karanta sai na ce ikon Allah. Ba ƙaramin abu ba ne kuma a wajen likitanci, don ƙwayar da ta shiga tsimi ta rage girma, magunguna da yawa kuwa wadda ke cikin girma suke kamawa, sai ta lallaɓa ta tsira ta dawo daga baya.

Wata ƙanwarmu ta tambaya, toh shi ppGpp ɗin fa, tunda Turawa sun haɗa kalmar ƙararrawa da ta homon sun yi masa laƙabi? Ƙanwata na fara da "sinadarin ƙararrawa" amma ƙararrawa ƙara ce kawai ba ta faɗin abin da za a yi, kururuwa kuma ta mai firgita ce. Yekuwa ta fi, don yekuwa tana zuwa da umarni kuma kowa take nufi, shi ma sinadarin ba wuri ɗaya yake kamawa ba, enzayim da yawa yake taɓawa a lokaci guda. Don haka na rubuta "sinadarin yekuwa".

Ga yadda jimlar ta fito a rubutun yanzu, ku karanta da ƙarfi ku ji ko ta zauna: idan matsi ya sami bakteriya, RelA yana haɗa sinadarin yekuwa sai ta shiga martanin tsimi, idan hali ya gyaru SpoT ya rusa shi ta koma girma. RelA da SpoT da Rel na bar su yadda suke tunda sunaye ne. Masu tawayar nan da ba sa tsimi kuma na sa musu "masu sakin hannu" maimakon sakin jiki, don hannu ya fi tafiya da tsimi, Malam in kana ganin akwai gyara a nan dan Allah ka faɗa kafin in miƙa wa ɗalibai ranar Litinin.